Yadda ake canza bushin sabfirem na mota idan ya ci

Akwai wata ƙara da mai mota kan kai gareji sau uku ko huɗu ba a gano ta ba. Ka taka birki a cunkoson Kwangila a Zariya, ka ji "gum" daga ƙarƙashin ƙafarka. Ka saki birki ka taka totur, ka sake jin ta. An canza shokozoba, an canza sitabilaiza, an canza bol join, kuɗi sun tafi amma ƙarar tana nan daram. Sau da yawa laifin na wasu robobi huɗu ne da ba kowane bakanike ke haska su da tocila ba, wato bushin sabfirem.

Sabfirem, wanda wasu ke kira kuros memba, shi ne ƙaton ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin inji. A jikinsa ake ɗaure lowa am, da sandar sitabilaiza, da rak na sitiyari a yawancin motoci, da wasu daga cikin injin sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu. Shi kuma ana ɗaure shi a bodin mota da manyan bol huɗu, wani lokaci shida, kowanne ya ratsa ta cikin bushi. Bushin kashi uku ne: bututun ƙarfe a tsakiya inda bol ke wucewa, roba mai kauri kewaye da shi, sai gwangwanin ƙarfe a waje wanda aka matse cikin ramin sabfirem da ƙarfi. Aikin robar shi ne ta shanye girgiza, ta kuma riƙe ƙarfen a wurinsa. Idan ta mutu, dukan ƙafafun mota suna motsi tare a duk lokacin da ka taka birki ko ka sha kwana.

Ba kowace mota ke da shi ba. Camry ta 2002 zuwa 2011 tana da guda huɗu a gaba. Mercedes C da E, da BMW 3, suna da su a sabfirem na baya. Ƙananan motoci da yawa kuwa ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba roba a tsakani, saboda haka kada wani ya sayar maka da aikin da motarka ba ta da shi. Ka leƙa da idonka.

A nan Zariya abubuwa huɗu ne ke kashe shi da wuri. Na farko shekaru: motar Beljiyam kan iso hannunka da robar da ta riga ta shekara goma sha biyar ko fiye. Na biyu zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu, masu sa roba ta ƙeƙashe ta tsattsage. Na uku ramukan da damina ke bari a layukan unguwa da tudun rage gudu da ake hayewa da lodi. Na huɗu, wanda ya fi su ɓarna, shi ne mai: baƙin mai ko man fawa sitiyari da ke ɗiga a kan robar wata da watanni, da kuma wankin ƙarƙashin inji da kananzir ko gas. Mai yana sa roba ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana.

Ka tabbata shi ne kafin ka kwance komai

Aikin yana cin yini guda, saboda haka minti ashirin na bincike ba asara ba ne. Ka hau da motar kan rami. Ka goge laka daga kusurwoyi huɗu na sabfirem, ka haska. Ƙananan tsage a fuskar roba ba komai ba ne, tsufa ne kawai. Abin da kake nema shi ne roba da ta rabu da bututun tsakiya ko da gwangwanin waje, ko bututun ya karkata gefe guda, ko sabfirem ya sauka har ya zauna a kan farantin da ke ƙarƙashinsa. Akwai alama guda da ba ta ƙarya: jan gari kamar garin barkono a kewayen bushin, tare da wani wuri mai sheƙi kamar jinjirin wata inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Idan bushin irin mai ruwa a ciki ne, kamar na wasu motocin Jamus, za ka ga baƙin ruwa ya zubo ya bushe a gefensa.

Sai ka sa doguwar liba tsakanin sabfirem da bodi ka danna. Mai lafiya zai ɗan motsa da ƙyar ya koma wurinsa. Matacce zai tafi da sauƙi, har ka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Gwaji na ƙarshe: wani ya zauna a ciki, hambirki a ja, ƙafarsa a kan birki sosai, tayoyi a tokare, ya riƙa sauya giya daga D zuwa R, kai kana kallo daga gefe, ba daga gaban mota ko bayanta ba. Idan inji ne ke tsalle alhali sabfirem na tsaye, injin sit ne. Idan sabfirem ɗin gaba ɗaya ke zamewa gaba da baya, to ka samu mai laifi. Ka kuma gwada bushin lowa am da bol join da tayarod a wannan zaman, domin in za a canza su, yanzu ne lokacin, kada a biya kuɗin alaimen sau biyu.

Sayen kaya

Ka tafi da lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ba sunan mota kawai ba. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da bushi daban gwargwadon injinta ko ƙasar da aka ƙera ta dominta. Na gaba da na baya a sabfirem guda ma sau da yawa ba girmansu ɗaya ba. Idan ba a samu a shagunan Sabon Gari ba, a aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kada a sauke sabfirem sai kaya sun iso hannu an auna su da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗi: faɗin gwangwanin waje, tsayinsa, da faɗin ramin bol.

A canza huɗun gaba ɗaya. In aljihu bai kai ba, a canza biyu na layi ɗaya, hagu da dama. Sabo a gefe guda, matacce a ɗaya gefen, yana sa mota ta riƙa ja gefe idan an taka birki, kuma sabon ne zai ɗauki dukan wahala.

Za a ba ka shawarar sayen sabfirem na Beljiyam sukutum da bushinsa. Wannan yana da ma'ana idan naka ya lanƙwashe ko ya tsage, amma robarsa sa'ar taka ce a shekaru, ka duba ta da liba kafin ka biya. Za a kuma ce maka akwai masu yanka bushi daga tsohuwar tayar babbar mota. Ga wannan wurin ba mu yarda da shi ba. Robar ba a manne take da ƙarfe ba, cusa ta kawai ake yi, kuma ba ta da ramukan da masana'anta ke bari don ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata. Araha ba ta ado. Akwai kuma na foliyuretan, masu launin ja ko rawaya ko shuɗi, suna daɗewa kuma mai ba ya cin su kamar roba, sai dai suna shigo da girgiza da ƙugin hanya cikin mota, suna kuma buƙatar nasu giris na musamman.

Ka tambayi bol ma. Motocin Jamus da yawa suna amfani da bol da ake ɗaurewa har ya ɗan miƙe, irin wannan sau ɗaya ake amfani da shi. Ko a motar Japan, duk bol da tsatsa ta ci wuyansa ya sirance, a jefar da shi. Sabon ya zama lambar ƙarfi da ke kansa daidai take da ta tsohon, yawanci 10.9. Bol ɗin kasuwa marar lamba ba ya shiga wannan wurin.

Kayan aiki

Jak biyu, ɗaya na ɗaga mota, ɗaya mai taya na riƙe sabfirem. Sitan na ƙarfe, wato matokaran da ake ɗora mota a kansu bayan an ɗaga ta, aƙalla biyu masu ɗaukar tan 2 ko 3. Katako masu kauri. Soket: motocin Japan 12, 14, 17, 19 da 22, na Turai 13, 16, 18, 21 da masu bakin tauraro. Dogon hannu na kwance bol, da sifana mai awo wadda ake kira tok. Man fesawa mai narka tsatsa irin WD-40, burushin waya, samfefa, zarton ƙarfe, injin huda, cizal, guduma, farin fenti ko maka, da ruwan sabulu.

Sai abin zare bushi. Idan ba ka da na kanti, ana haɗa shi: dogon bol mai zare tun daga sama har ƙasa, kaurin milimita 12 ko 14, mai ƙarfin 10.9, ko a ƙalla 8.8, noti biyu ko uku, washa masu kauri, da gutsuren bututu biyu. Bututu na farko ya fi gwangwanin bushi faɗi, shi ne zai zauna a kan sabfirem ya karɓi bushin idan ya fito. Na biyu ya gaza gwangwanin da milimita 1 ko 2, shi ne zai tura. Sandar zare irin ta masu gini ba ta yin wannan aikin, zarenta yana cinyewa tun kafin bushi ya motsa.

Shiri

Tun daren jiya a fesa wa dukan manyan bol man tsatsa. Idan akwai ƙaramin rami a jikin shasi kusa da bol, a zura bututun feshin ta nan, domin notin yana ciki ne, can ne tsatsar take. Kada a yi amfani da man birki don wannan, yana cin fenti.

A ajiye mota a kan daɓen siminti mai lebur. Galibin garejinmu ƙasa ce, kuma da damina sitan yana nutsewa a hankali ba tare da kowa ya lura ba, saboda haka a shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin kowanne. Bulo ba sitan ba ne. Yana fashewa lokaci guda ba gargaɗi, kuma mutum ne a kwance a ƙarƙashi. A tokare tayoyin baya. A daidaita sitiyari tsakiya, a ɗaure shi da bel ɗin kujera don kada ya juya. A cire kan batir na negatib, a jira minti 3 kafin a taɓa wani abu da ya shafi sitiyari. A sassauta notin taya, a ɗaga mota, a sa sitan a wuraren ɗagawa na bodi. Kada a sa shi ƙarƙashin sabfirem ko lowa am, tun da su za a sauke. A tura tayoyin da aka cire ƙarƙashin bodi, su zama kariya ta biyu.

Yanzu sai alama, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Ramukan bol sun fi bol ɗin faɗi, don haka sabfirem yana iya komawa a karkace da milimita 2 ko 3, wanda ya isa ya sa mota ta riƙa cin taya ko ja gefe har mai alaimen ya rasa yadda zai yi. Ka zagaye kowane faranti da kowace kusurwa da farin fenti a jikin bodi, ta fuska biyu, gaba da gefe. Wasu motoci suna da ramin saiti a sabfirem da bodi wanda ake zura sanda a ciki, ka nemo shi. Ka ɗauki hoto da waya ta ko'ina, musamman yadda wayoyi da bututai suka bi.

Sauke sabfirem

Inji da giyabos tare suna kai kilo 200 ko fiye, kuma a motoci irin Camry wani ɓangare na nauyin a kan sabfirem yake. Dole a riƙe su kafin a kwance komai. Hanya mafi kyau ita ce sandar ƙarfe da ake gittawa a saman inji, ta zauna a kafaɗun bodi biyu, a rataye inji da sarƙa ta kunnuwan da aka yi don ɗaga shi. In babu, a sa jak da faffaɗan katako ƙarƙashin giyabos. Kada kan jak ya taɓa kwanon baƙin mai kai tsaye, zai loɓa shi ya toshe bakin famfon mai, ko ya fasa shi idan na alminiyam ne. A ɗaga kaɗan kawai, har nauyi ya bar injin sit.

Sai a bi duk abin da ya haɗa sabfirem da sauran mota. A cire robar ƙarƙashin inji. A kwance sitabilaiza link biyu, da injin sit da ke kan sabfirem, da maratayin salansa, ko ma bututun gaba na salansa idan ya ratsa ta ƙarƙashi. A saki maƙalan bututun fawa sitiyari, da wayar ABS, da wayar sensar salansa. A wasu motoci lagireto a kansa yake zaune, sai a ɗaure shi sama da waya.

Sitiyari yana son kulawa ta musamman. Idan rak zai sauka tare da sabfirem, a yi wa sandar sitiyari alama inda ta haɗu da rak, a zare bol ɗin da ya matse ta gaba ɗaya, ba sassautawa kawai ba, domin yana zaune ne cikin wani tsagi. Da zarar an raba su, kada kowa ya juya sitiyari. A bayansa akwai wata siririyar waya a naɗe, ita ke kai wuta ga iyabag da oda, in ta wuce iyakarta ta tsinke. Wata dabarar ita ce a kwance rak daga sabfirem a rataye shi a wurinsa da waya, ba sai an taɓa sandar ko man fawa ba.

Hanya biyu ce daga nan. Idan kana da abin zare bushi kuma akwai fili, ana iya sauke sabfirem santimita 5 zuwa 8 kawai, gefe ɗaya bayan ɗaya. Idan bushin sun yi tsatsa ko za a kai wa firesa, wato injin matsa ƙarfe, a raba bol join daga ƙafa, a sauke shi duka. Ga wanda bai taɓa yi ba, saukewa duka ta fi sauƙi ko da ta fi tsawo, domin aiki a kan benci ya fi aiki a kwance.

Ka sa jak da katako a tsakiyar sabfirem, ya ɗan ɗauki nauyi. Sannan ka fara manyan bol da hannu, da dogon hannu, ba da injin iska ba. Dalili shi ne notin da bol ke shiga an yi masa walda ne ko an kulle shi a cikin shasi inda hannu ba ya kai wa. Idan aka fizge shi da ƙarfi ya ɓalle, bol zai riƙa juyawa ba ya fita ba ya ɗauruwa, kuma sai an ɗaga kafet ko an yanka taga a jikin shasi kafin a kai gare shi. Aikin yini ya koma na kwana uku. Saboda haka in bol ya motsa kwata ya cije, ka mayar da shi, ka fesa mai, ka jira, ka sake. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Sauri ya haifi nawa.

Ka sassauta huɗun kafin ka zare ko ɗaya. Ka ajiye kowane bol da farantinsa da robar samansa a jere yadda suka fito, don tsayinsu yakan bambanta. Ka sauke jak santimita 2, ka tsaya, ka haska ko'ina. Kusan kullum akwai waya ɗaya ko bututu ɗaya da aka manta. Mutum biyu su riƙe gefe da gefe, ƙarfen yana iya kai kilo 30 ko fiye kuma yana son zamewa daga kan jak.

Fitar da tsoho

Kafin ka taɓa shi, ka dubi yadda yake zaune. Yawancinsu suna da kibiya, ko ɗan tsini, ko ramuka biyu a cikin robar. Ka zana layi a sabfirem daidai da wannan alamar, ka auna yadda gwangwanin ya fito sama da ƙasa, ka rubuta. Idan yana da leɓe a gefe guda, ta wannan gefen kaɗai zai fita.

Ka goge bakin ramin da burushin waya, ka fesa mai. Ka ɗora babban bututu a gefen da zai fito, ƙaramin a ɗaya gefen a kan gwangwanin, ka zura dogon bol, ka shafa wa zarensa giris sosai. Idan ka sa tsohon boris ƙarƙashin noti, ƙarfin da za ka kashe zai ragu ƙwarai. Ka riƙa ɗaurewa a hankali. Zai yi tauri har ka zaci ba zai motsa ba, sai ka ji "ƙas", daga nan ya fara tafiya. In ya ƙi, ka bar shi a ɗaure, ka bubbuga gefen ramin da guduma, girgizar tana karya tsatsa. Kada ka sa fuskarka a saitin bol ɗin.

Wanda ya gagara, a yi masa dabarar zarto. A huda robar da injin huda, rami kusa da rami, har bututun tsakiya ya faɗo. A zura ruwan zarto ta cikin ramin, a ɗaura shi a jikin zarton, a yanka gwangwanin daga ciki, wuri biyu kusa da juna. A riƙa tsayawa ana dubawa, domin gwangwanin siriri ne, kuma ba a so zarto ya shiga naman sabfirem. Idan ya kusa hudewa, a sa cizal a naɗe tsirin da ke tsakanin yankan biyu zuwa ciki. Gwangwanin zai saki, ya fito da ɗan bugu.

Ƙona robar da wuta, wanda aka saba gani a gareji, ba mu ba da shawararsa. Hayaƙin guba ne, zafin yana cinye fenti ya buɗe wa tsatsa ƙofa, yana iya sa bakin ramin ya buɗe har sabon bushi ya ƙi kamawa. Idan sabfirem na alminiyam ne, wuta tana raunana shi ba tare da ido ya gani ba. A jikin mota kuwa, kusa da bututun fetur, ko kusa kada a fara.

Saka sabo

A goge cikin ramin da samfefa har ya yi sumul, tsatsa kawai za a cire, ba ƙarfe ba. A shafa yatsa a ji ko akwai ƙaya, a duba tsagewa a wajen walda. Idan sabon bushi ya faɗa ramin da hannu ba tare da matsi ba, ko dai kayan ba nasa ba ne ko ramin ya buɗe. Kada a naɗa masa gwangwanin madara, kada a ɗiga masa walda, walda tana dafa robar tun kafin mota ta taka ƙasa.

Bushi mai gwangwanin ƙarfe yana amfana da sanyi. A sa shi a firiza awa 3 ko 4, in babu wuta a ɗaure shi a leda a binne cikin ƙanƙarar masu sayar da ruwan sanyi. Ƙanƙancewar da zai yi ba ta wuce kaurin silin gashi ba, amma a wannan matsin tana taimakawa. Wanda wajensa roba ce zalla, ruwan sabulu ake shafa masa, domin yana bushewa ya bar shi a kame. Kada baƙin mai ko giris su taɓa roba.

Ka daidaita kibiyar da layin da ka zana. Ka juya kayan zarewar: yanzu ƙaramin bututu zai tura, babban ya tokare ta baya. Turawar a kan gwangwanin waje kaɗai take. Duk wanda ya danna bututun tsakiya, ko ya doke shi da guduma, ya yaga robar daga ciki, kuma ƙarar za ta dawo cikin 'yan makonni. Milimita 5 na farko su ne komai. Ka ɗaura zagaye biyu, ka tsaya, ka duba ta kowane gefe. In ya fara karkata, ka fitar da shi ka sake, kada ka ce zai miƙe a hanya. Ka tsaya daidai awon da ka rubuta, ko inda leɓen ya zauna daram. Idan firesa aka kai wa, a tabbata an tokare sabfirem daidai kewayen ramin, in ba haka ba ƙarfin firesa zai lanƙwasa shi.

Mayarwa

A tsabtace zaren notin da ke cikin shasi, a gwada kowane bol da hannu tun kafin a ɗaga sabfirem. A mayar da robobi ko farantan da ke saman bushi, waɗanda aka fi mantawa da su a ƙasa. A ɗaga a hankali, wani yana lura da sandar sitiyari da ƙusoshin injin sit suna shiga wurarensu. Kowane bol ya shiga da yatsu zagaye huɗu ko biyar kafin sifana ta taɓa shi. Wanda ya cije tun farko ya hau zare a karkace, a fitar da shi.

Idan huɗun sun kama, a ɗaure su sama-sama, a tura sabfirem da liba har ya zauna cikin zanen fenti, sannan a ɗaure da sifana mai awo. Adadin yana cikin littafin gyaran motar, shi za a bi. Don ka san inda ake: bol mai kaurin milimita 12 na 10.9 yakan ɗauki wajen Nm 110 zuwa 120 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), mai milimita 14 kuwa wajen 180 zuwa 190. Inda littafi ya ba da adadi sannan ya ƙara digiri 90, ana nufin bayan sifana ta yi ƙara a ƙara juya bol ɗin kwata guda, kuma irin wannan ne ake sa sabo. Ɗaurin "sai ya yi kuka" da bututu a kan sifana yana miƙar da bol ko ya ɓalle notin ciki. Sakwa-sakwa kuma yana barin bututun tsakiya ya riƙa gugar bodi har ramin ya zama ƙwai.

Idan an sassauta bol na bushin lowa am, irin wanda ke kwance, kada a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye. Sai ta sauka a kan tayoyinta, an ɗan girgiza ta, sannan a ɗaure a kan rami. In an ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe kullum, ta yage da wuri. A mayar da sauran kaya bisa hotunan da aka ɗauka. Bol na sandar sitiyari a duba shi sau biyu. Notin taya Nm 103 ne a yawancin ƙananan motocin Toyota, 108 a Honda.

Idan na baya ne

Tsarin ɗaya ne, da ƙarin abu uku. Sifirin a motoci da yawa yana matse ne tsakanin am da bodi, saboda haka a sa jak ƙarƙashin am a sassauta shi a hankali, ko a kama shi da abin matse sifirin, kafin a sauke komai. A motar da ke ja da baya, aksul yana kan sabfirem, nauyin ya ninka, kuma farfela da salansa da wayar hambirki da robar birki duk suna iyakance yadda zai sauka. Robar birki kada ta ɗauki nauyi ko na daƙiƙa ɗaya. Na uku, tankin mai yana nan kusa. Masu BMW 3 samfurin E46 su goge bodin da ke saman bushin su duba da kyau, an san wannan motar da tsagewa a daidai wurin, kuma sabon bushi ba ya maganin tsagaggen bodi, sai walda da ƙarin faranti.

Bayan an sauke mota

A mayar da batir, a tayar da inji, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana sauraro, a duba man fawa idan an buɗe bututunsa. Fitilar ABS da ta iyabag su mutu bayan 'yan daƙiƙu. A taka birki a tsaye sau da yawa kafin a motsa. A fara zagaye a layi a hankali, birki da totur, gaba da baya, sannan a hau kwalta. Daga nan sai wurin alaimen, a ranar, ko da zanen fenti ya dawo daidai, domin tsohon saitin an yi shi ne a kan matacciyar roba. A gaya wa mai alaimen cewa an sauke sabfirem, don in ya ga hagu da dama sun bambanta ya san ana iya ɗan tura shi.

Za ka iya jin motar ta ɗan ƙara tauri a kwanakin farko, haka sabuwar roba take. Bayan tafiyar da ta kai zuwa Kaduna da dawowa, a koma kan rami a duba zanen fenti ko sabfirem ya gusa, a ɗora sifana mai awo a kan bol ɗin da ba na digiri ba. A kuma haska saman sababbin bushin: in akwai ɗigon mai a kansu, a bi shi har inda yake fitowa, ko murfin saman inji ne, ko sil, ko bututun fawa, a toshe shi a wannan makon.